Sarrafa Majuyin Jirgin Ƙasa na Kwaikwayo da Manhajar Kwamfuta: Abin da Manhaja ke Sani da Abin da take Zato

Tsakure

Maƙalar ta dubi yadda ake sarrafa majuyi, wato gadar nan mai kewayawa a cikin rami wadda ake ɗora kan jirgi a bisanta domin a sauya masa fuska, a shimfiɗar ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo masu aiki da tsarin DCC. An bi umarni tun daga allon kwamfuta har zuwa injin da ke juya gadar, tare da auna wuraren da aikin kan ɓaci. An gano cewa wahalar tana wajen sanin da manhaja take da shi game da gadar: inda ta tsaya, bakinta da ke fuskantar layi, da kuma ko akwai kan jirgi a kanta. A ƙoƙarin bayyana waɗannan da Hausa, an ci karo da wata tsohuwar matsala ta ma'anar "gaba" da "baya", wadda maƙalar ta tsaya a kanta.

Fitilun Kalmomi: majuyi, kan jirgi, manhaja, DCC, gaba da baya

1.0 Gabatarwa

Kan jirgi mai aiki da tururi yana da fuska. Tukunya da bututun hayaƙi suna gaba, taragon kwal da ruwa yana baya, kuma ba a son ya yi doguwar tafiya da baya cikin sauri. Saboda haka a ƙarshen tafiya sai an juya shi, ko dai a bisa layi mai kusurwa uku, ko kuma a bisa majuyi. Inda fili ya yi ƙaranci majuyi ya fi, domin gada ɗaya tana iya kai kan jirgi zuwa layuka da yawa da suka kewaye ramin. Daga nan aka samu rumfunan jiragen nan masu da'ira, irin ta Derby a Ingila wadda aka gina a 1839. Zuwan injinan dizal da na lantarki, waɗanda da yawansu ke tafiya ta kowace fuska, ya rage buƙatar majuyi a layin dogo na gaske. A wajen masu sha'awar jiragen kwaikwayo kuwa, musamman a Jamus da Ingila da Amurka, darajarsa ba ta ragu ba, kuma shi ne abin da ya fi ba su wuya idan suka zo miƙa wa kwamfuta ragamar shimfiɗarsu.

An zaɓi kalmar "majuyi" ne bisa tsarin ƙirar sunan kayan aiki da ɗafa-goshin ma-, kamar yadda "buɗe" ya haifi "mabuɗi". Da "shimfiɗa" ana nufin dukkan layuka da tasoshin da mai sha'awa ya gina a kan tebur. Misalan awo duk an ɗauko su ne daga ma'aunin HO, inda ake rage komai sau 87, tazarar dogo biyu kuma take milimita 16.5.

2.0 Yadda Umarni ke Isa ga Gada

Tsarin DCC ya samo asali ne daga aikin kamfanin Lenz na Jamus a shekarun 1980, daga baya ƙungiyar NMRA ta Amurka ta mai da shi mizani a farkon shekarun 1990. Hikimarsa ita ce wutar da ke kan dogo ita ce kuma saƙon. Wutar tana sauya ɓangare da sauri tsakanin dogon dama da na hagu; gajeren bugu, mai rabin zango na maikirosakan 58, yana nufin 1, dogon bugu na maikirosakan 100 ko fiye yana nufin 0. Ana jera waɗannan su zama ƙunshi mai ɗauke da adireshi da umarni da lambar tantance kuskure. Kowane kan jirgi yana da mafassari a cikinsa, wato ƙaramar na'urar da ke karanta dukkan ƙunshin da ke wucewa amma ba ta aiki sai da mai adireshinta.

Mizanin ya tanadi umarnin kawunan jirage, ya kuma tanadi na kayan gefen layi, waɗanda asalinsu masauyin layi ne mai hali biyu kacal: miƙe ko karkace. Majuyi ba ya cikin ko ɗaya, don haka aka yi masa dabara. Kamfanin Märklin, a mafassarinsa mai lamba 7687, ya ware wa majuyi adireshi goma sha shida a jere, daga 225 zuwa 240, kowanne da maɓalli ja da kore. Huɗun farko na hidima ne: shiga koyarwa da fita daga cikinta, taku ɗaya dama ko hagu, juyi na digiri 180, da zaɓen fuskar kewayawa. Goma sha biyun da suka rage suna ba da umarni 24, kowanne na layi ɗaya. Wannan tsari ya bazu har wasu kamfanoni suka ɗauke shi, kamar LDT a na'urarsa TT-DEC, manhajoji kuma suka saba da shi.

A lura da lissafin. Majuyin da aka yi wa wannan mafassari yana da matsaya 48, tazarar digiri 7.5 tsakanin kowace biyu, amma umarnin layi 24 ne. Ke nan umarni ɗaya yana kiran matsaya biyu masu fuskantar juna, kuma bai faɗi bakin gadar da zai iso ba. Wannan sai fuskar kewayawar da aka zaɓa ta yanke shi. Za a dawo ga batun a sashe na 5.0.

Manhajojin da ake amfani da su sun haɗa da JMRI, wadda Bob Jacobsen ya soma a Amurka, da Rocrail, da iTrain, da TrainController. Biyun farko ana samunsu kyauta. JMRI ma ta bar tarihi a fagen shari'a, domin a ƙararta ce wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayyar Amurka ta yanke a 2008 cewa sharuɗɗan lasisin manhaja mai buɗaɗɗen tushe suna da kariyar dokar haƙƙin mallaka. A cikinta ana zana majuyi a matsayin da'ira mai rassa, a ɗaura kowane reshe da adireshin masauyin layi. Sauran sun fi ɗaukar gadar a matsayin yankin layi mai zaman kansa, wanda ake kama wa kan jirgi kamar kowane yanki.

3.0 Inda Gada ta Tsaya

Majuyin kamfani irin na Fleischmann ko Märklin yana da sakata da ke faɗawa cikin gurbi a kowace matsaya, saboda haka daidaiton dogo da dogo aikin ƙarfe da roba ne, mafassari ƙirga gurabe kawai yake yi. Masu haɗa nasu da hannu kuwa sun fi amfani da injin taku, wato injin lantarkin da ke motsawa da ƙananan takun da ake iya ƙirgawa, a ƙarƙashin kulawar allon Arduino. Shirin EX-Turntable na masu DCC-EX a kan wannan tafarki yake. A nan daidaito ya koma lissafi, kuma ya cancanci a bi shi daki-daki.

A ɗauki gada mai tsawon milimita 300. Da'irar da bakinta ke zanawa ta kai kimanin milimita 942. Injin taku na yau da kullum yana cika kewaye ɗaya da taku 200, wato digiri 1.8 kowanne, wanda a bakin gada ya zama milimita 4.7. Faɗin saman dogo a ma'aunin HO kimanin milimita ɗaya ne, don haka wannan taku ya yi girma ƙwarai. Idan aka tsaga kowane taku gida 16, kewaye ya zama taku 3200, kowanne kimanin milimita 0.29. Wannan ya isa ƙafar jirgi ta haye lafiya.

Sai dai digiri 7.5 a cikin taku 3200 ya kama 66 da biyu bisa uku, injin kuma ba ya rabin taku. Mai rubuta shirin da ya cike lambar zuwa 67, yana ƙara ta a kan matsayar da ta gabata, zai ga komai lafiya a layi na farko da na biyu. Bayan kewaye ɗaya cikakke ya tara taku 3216, rarar 16 ke nan, wato milimita 4.7 ɗin da aka gudu tun farko. Kuskuren ba ya bayyana a ranar gwaji, sai gadar ta yi ta kewayawa ta fuska ɗaya. Maganinsa shi ne a riƙa ƙirga kowace matsaya daga tushe guda, ta yadda kuskuren cikewa ba zai taɓa wuce rabin taku ba. Ana kuma iya sa giya mai rage gudu sau uku, kewaye ya zama 9600, kowace matsaya ta faɗa a kan taku 200 cif.

Giya tana zuwa da nata aibin. Tsakanin haƙoranta akwai ɗan giɓi, saboda haka gadar da ta iso layi daga dama ba ta tsayawa daidai inda za ta tsaya in ta iso daga hagu. Wasu suna auna giɓin su ƙara shi duk lokacin da aka sauya fuska. Hanyar da ta fi aminci ita ce a sa gadar ta riƙa isowa daga fuska ɗaya kullum, ko da za ta ɗan zarce ta dawo, domin giɓin yana ƙaruwa da cin haƙora, lambar da aka auna bara ba lallai ta yi aiki bana ba.

Tushen da ake ƙirgawa daga gare shi kuwa, maganaɗisu ne ake liƙawa a baki ɗaya na gadar, a sa na'urar jin maganaɗisu a jikin ramin. Da an kunna wuta gadar takan kewaya a hankali har ta same shi, nan ne sifili. Injin taku ba ya ba da labarin takun da ya kasa yi. Idan hannun riga ya tare gadar na daƙiƙa ɗaya, ƙirgar tana ci gaba, gadar tana tsaye.

4.0 Wutar Gada da Labarin da ke Dawowa

A tsarin dogo biyu, idan gada ta juya digiri 180, dogonta na dama yana haɗuwa da dogon hagu na layin waje. Ƙafar ƙarfe ta farko da ta taka mahaɗar za ta haɗa wayoyin biyu, wuta ta ɗauke a duk yankin. Tsarin Märklin ya tsira daga wannan, domin wutarsa tana bi ta tsakiyar layi ta dawo ta dogayen biyu, ko ta ina aka juya daidai ne. Ga sauran akwai hanyoyi uku. Akwai zoben tagulla da aka raba biyu a ƙarƙashin gada, mai sauya ɓangaren wuta da kansa a tsakiyar juyi. Akwai na'urar da ke jiran haɗuwar waya ta faru, ta sauya ɓangare cikin ƙiftawar ido kafin babbar na'ura ta yanke wuta. Akwai kuma rile wanda allon majuyin ke kunnawa gwargwadon kusurwar da gada ta kai. Na ukun ya fi tsafta, tunda yana aiki kafin matsala ta auku. A DCC sauya ɓangaren wuta a ƙarƙashin kan jirgi ba ya sauya fuskar tafiyarsa, wannan ne ya sa dukkan hanyoyin suke yiwuwa.

Zoben tagulla yana da wani lahanin da ya shafi manhaja kai tsaye. A asalinsa DCC magana ce ta fuska ɗaya: cibiyar umarni tana faɗa, ba ta jin amsa. Labari yana dawowa ne ta wata hanya daban, kamar s88 ko LocoNet, daga na'urorin da ke jin kan jirgi ta wutar da yake ja. To, a lokacin da gada ke ratsa tsagar zoben, wuta tana yankewa, ƙarar injin da mafassari ke kwaikwayo ta yi shiru, na'urar ji kuma ta ba da labarin cewa gada fanko ce. Manhajar da ta gaskata wannan labari tana iya sakin gadar ga wani kan jirgi. Dole ne a koya mata ta yi watsi da labarin gada muddin tana juyi, ko a sa jinkiri kafin a karɓi labarin fanko.

Mafi hatsari shi ne majuyin da ba ya aiko da shaidar isowa. A nan manhaja agogo take dubawa: ta aika umarni, ta jira daƙiƙoƙin da aka rubuta mata, ta ɗauka gada ta iso, ta saki kan jirgi. Ranar da maiko ya daskare gadar ta yi nawa, kan jirgin da aka saya da tsada zai gangara cikin rami. Waya ɗaya mai cewa "gada ta tsaya" ta fi duk wani gyaran agogo.

Tsayar da kan jirgi a tsakiyar gada ma tsohon aiki ne. A majuyan da mutane ke turawa da hannu, sai direba ya daidaita nauyin a kan ginshiƙin tsakiya kafin gadar ta motsu. A na kwaikwayo matsalar fili ce. Kan jirgi mai milimita 270 a gada mai 300 ya bar 15 kacal a kowane baki. In yana tafiyar milimita 30 a daƙiƙa, jinkirin rabin daƙiƙa wajen isar labari ya cinye wannan rata duka. Shi ya sa manhajoji irin TrainController da iTrain suke auna gudun kowane kan jirgi tun da farko, su lissafa nisan tsayawa daga lokacin da na'urar ji ta fara jinsa. Nisan kuma ya bambanta tsakanin shiga da goshi da shiga da tarago, saboda ƙafar farko mai ɗaukar wuta ba nisa ɗaya take da ƙarshen jiki a ɓangarorin biyu ba.

5.0 Gaba da Baya

A tsohon tsari marar mafassari, fuskar tafiya ta dogo ce: duk kan jirgin da aka ɗora zai nufi gabas, misali, ko ina goshinsa ya duba. A DCC fuska ta jikin kan jirgi ce. Umarnin "gaba" yana nufin inda goshinsa yake. Wannan ya yi daidai da asalin kalmomin a Hausa, inda gaba da baya sassan jiki ne kafin su zama kalmomin bagire. Ga kan jirgi babu ruɗani.

Gada ce ba ta da goshi. Clifford Hill, a nazarinsa na 1982 da ya kwatanta Hausa da Ingilishi, ya nuna cewa idan abu ba shi da fuska tasa, Bahaushe yakan ɗauke shi kamar yana duban inda mai magana ke duba, don haka gabansa shi ne ɓangaren da ke nesa. Mai Ingilishi yakan ɗauke shi kamar yana fuskantar mai magana, gabansa shi ne na kusa. Duk wanda ya fassara littafin jagorar majuyi ya rubuta "gaban gada" ya bar wa mai karatu zaɓi tsakanin bakuna biyu masu adawa, kuma ko wanne ya zaɓa, ma'anar za ta sauya da zarar ya zagaya tebur. Maƙalar ta zaɓi "kai" ga bakin da ke da ɗakin mai juyi, inda aka saba liƙa maganaɗisu, da "wutsiya" ga ɗayan. Waɗannan sunaye suna tafiya da gadar duk inda ta juya, abin da manhaja ke buƙata ke nan.

Ga yadda lissafin yake. Kan jirgi ya shigo da goshi ta kai, saboda haka goshinsa yana duban wutsiya. Idan ana so ya fita layi na 5 da goshi, manhaja ta kawo wutsiya layi na 5 ta ce "gaba". Idan ana so ya shiga rumfa da baya a layin, ta kawo kai ta ce "baya". Abubuwa biyu take riƙe da su a lokaci guda: fuskar kan jirgi dangane da gada, da fuskar gada dangane da rami. A tsarin umarni 24 da aka ambata a baya, na biyun ba a rubuce yake a cikin umarnin ba, manhaja ce ke bin diddiginsa daga juyi zuwa juyi. In wani ya danna maɓallin digiri 180 daga na'urar hannu ba da saninta ba, layin da take gani a allo daidai ne, bakin ne ya sauya. Za ta ce "gaba" tana tsammanin layi na 5, kan jirgi ya nufi kishiyarsa, inda mai yiwuwa babu dogo ko ɗaya. Don haka ake shawartar a dasa guntun layi mai tokare a gaban kowane layi marar abokin fuskanta, kuma a bi da dukkan umarnin hannu ta cikin manhajar.

Irin wannan ɓata yana faruwa in an ɗaga kan jirgi da hannu aka mayar da shi a juye, ko aka kashe wuta gada tana tsakiyar tafiya. Ga gada, komawa ga maganaɗisu a farkon kowane zama yana gyara ƙirga da baki gaba ɗaya, muddin maganaɗisun ɗaya ne. In aka sa a bakuna biyu, sifili ya zama biyu. Ga kan jirgi akwai RailCom, ƙarin da Lenz ya yi wa DCC, inda cibiya ke ɗan yanke wuta bayan ƙunshi domin mafassari ya faɗi adireshinsa. Wasu na'urorin da ke karɓar wannan amsa suna iya gane fuskar da kan jirgi ya zauna a bisa dogo. A majuyi, wurin da ya dace da irin wannan na'ura shi ne tsakanin rile da dogayen gada. In aka sa ta kafin rile, duk lokacin da ya sauya ɓangaren wuta labarinta zai juye, alhali kan jirgin bai motsa daga inda yake ba.